Gishirin Ciyawar Maigida

Maigidana ya faɗi a bakin aiki a shekarar da tawaye ya dawo arewa karo na biyu. Ba harsashi ba ne, ba kuma nakiya ba. Jini ne ya hau masa yana tsaye a labo na kamfani, ɗakin da suke gwajin ruwa da ƙasa, ya zame ya zauna a dandamali. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Na tambayi likita ko yana gane mu. Likitan ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce Allah kaɗai ya sani, amma mu riƙa yi masa hira. Da wannan amsar na dawo gida, da ita kuma na zauna wata da watanni.

A gidajen kamfani muke zaune a Arlit. Ƴaƴanmu sun girma, suna karatu a Yamai, kuma ni da kaina na hana su zuwa, don hanya ba ta biyuwa sai a ayarin motoci da rakiyar soja. Gidan ya rage daga ni sai shi sai akwatin kifi.

Wani Bature abokin aikinsa ne ya bar masa akwatin lokacin da zai koma ƙasarsu, shekaru da dama kafin nan. Na gilashi ne, tsawonsa ya cika teburin da aka ɗora shi a kai, da fitila a samansa da ɗan inji mai hura iska. Kifayen ciki ba su kai ɗan yatsa ba, ko mage ba za ta ƙoshi da su ba. Shi ma ba su ne suka dame shi ba. Ciyawar ce ransa. Akwai doguwa mai kama da ganyen albasa, akwai mai faɗin ganye a tsakiya, akwai wata ƴar mitsitsiya da ta lulluɓe wani guntun itace. Na sha yi masa tsiya cewa mutum ya baro gonar ubansa a Adar, ya zo tsakiyar hamada yana noma a cikin ruwa, noman da ba hatsi ba kara. Sai ya yi dariya ya ce ni Badamagariya ce, abin da ba ya shiga tukunya ba shi da daraja a wurina. Bai yi ƙarya ba.

Washegarin dawowarsa na kama shi na kai shi falo, na zaunar da shi a kujerar da ya saba zama. Idanunsa suka yi ta yawo, suka wuce ni kamar an wuce randa, sannan suka sauka kan akwatin suka tsaya. Suka daɗe a can. Na kawo kunu na sa masa a baki, ya karɓa ya haɗiye, idonsa na kan ganyen. A ranar na yanke wa kaina hukunci: mutumin nan yana ciki. Bai iya kiran sunana ba, amma ya san gonarsa. Muddin yana kallonta, to ina da miji, ba jinyar gangar jiki kawai nake yi ba.

Don haka na zama manomiya ba da niyya ba.

Ban taɓa zama na koyi aikin ba, amma shekaru ina jin surutunsa da kunne ɗaya ina tsinke zogale, ashe wani abu ya zauna. Ruwan famfon Arlit yana da zartsi, ciyawar ba ta son shi haka nan. Sai ana sirka shi da tataccen ruwa daga labo. Wani dattijon Buzu da suke aiki tare ya ci gaba da kawo mini shi a jarka bayan ya tashi daga aiki, ya ajiye a bakin ƙofa, ya leƙa ya gaida abokinsa da Hausarsa mai gajeren zance, ya tafi. To shi tataccen ruwa fanko ne, an tace komai daga cikinsa har da abin da ganye ke ci, dole sai ka mayar da hannunka. Taki iri uku maigida ya bari a ƙarƙashin teburin. Akwai kwalba mai koren ruwa, akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke warin tsatsa, wadda ya ce ƙarfe ne a ciki, su biyun da sirinji marar allura ake aunawa a ɗiga. Na ukun farin gishiri ne a gwangwanin madara, sunansa manyeziyom. Na taɓa lasa, ɗaci gare shi. Shi kuma kan ƙaramin cokali ake ɗiba a narka a kofi, a zuba duk ranar da aka canza ruwa.

Ganyen da kansa yake faɗin abin da yake nema, in ka iya kallo. In sabon toho ya fito fari fat, ƙarfe ya yi kaɗan. In ƙananan huji suka ɓulla a ganye kamar ƙwaro ya ci, koriyar kwalba ake ƙarawa. In kuma tsohon ganye ya soma zama rawaya amma jijiyoyinsa suna nan kore shar, to gishirin ne. Kuma ba a yin garaje. In ka cika hannu, gansakuka ce za ta rufe gilashin, ka yini kana kankara.

Mutane sun yi ta yaba haƙurina a watannin nan. Matan unguwa su shigo su ce wallahi ke kam sai addu'a, ko hawaye ba a gani a idonki. Ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Ba na jin komai ne kawai. A ce nakiya ta tashi da mota a hanyar Agadas, in ce Allah ya ji ƙansu, in koma wankin zanen gado. A ce samari sun cika gari daga Maraɗi da Damagaram suna neman a ɗauke su aiki a sabon wurin haƙar ma'adinai na Imuraran, ko a jikina. Abinci ma ba ya mini ɗanɗano, ina ci ne don in iya ɗaga shi. Na yi masa wanka, na canza masa tufafi, na juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, duk kamar da hannun wata nake yi. Wuri ɗaya ne na san ina da sauran rai: in na ga sabon ganye ya warware a cikin ruwa, sai in durƙusa kusa da kunnensa in ce, “Malam, ka ga mai faɗin nan ta yi ɗa.” Idonsa yana can. Wannan ya ishe ni.

Da sanyi ya shigo sai ga yayarsa ta iso a bayan babbar mota, ta yi buɗu-buɗu da ƙasa, da ƙullin kayanta da buhun gero da ƙullin kanwa. Ita ta goya shi yana yaro, har ya yi furfura Auta take ce masa, ni kuma har na aurar da ƴa ban wuce Amarya a bakinta ba. Duk rayuwarta a cikin awaki da tumaki ta yi ta, ta san ciwon dabba tun daga yadda take tsayuwa. Ta zauna gabansa ta riƙe hannunsa mai rai ta yi kuka har ta gaji. Ni ina tsaye da tire ina jira ta gama in ba ta ruwa.

Ba ta ɓoye abin da ya kawo ta ba. Da ta huta ta ce, “Amarya, dangi sunka aiko ni in tahi da shi gida. Mi ya rage mishi nan? Can ga iska, ga mutane, ga masu kama miki. Nan ke ɗai ta, ga bindiga ko'ina.”

Na ce, “Yaya, a can ba kuran, ba lantarki ko kaɗan. Akwatin nan ba zai rayu ba in ba wuta, kuma ko hanyar ba zai kai ba.”

Ta dubi akwatin, ta dube ni. “Don wagga ciyawa za ki aje mutum cikin daji?”

“Ita kaɗai yake ganewa. Ki duba idonsa.”

Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce to, Allah shi ba shi lahiya. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, amma ba ta kwance ƙullin kayanta duka ba, rabi ta buɗe. Ta karɓe mini girki da wanki. In ta gama, ta ja tabarma kusa da ƙafarsa tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu a ƙauye. A hankali ita ma ta soma kula da kifin. Ta raɗa wa wani ja mai faɗa suna Ɗan Iska, tana tsawata masa in ya kori ƴan'uwansa.

A cikin wannan zaman ne gishirin ya ƙare. Na kankare gwangwanin har ya yi ƙyalli. Na tambayi dattijon Buzu, ya ce ba daga labo abokinsa yake samu ba, daga Yamai ake aiko masa, amma ya ji shi yana cewa gishirin nan shi ne dai wanda ake sayarwa a farmasi, shagon magani, don wankin ciki. Na saka mayafi na tafi. Mai farmasin ɗan Katsina ne mai barkwanci, ya ce, “Hajiya, cikin waye ya ƙi tafiya, naki ko na Alhaji?” Na ce na ciyawa. Ya yi dariya har da buga kanta, da ya ga ban yi ba sai ya gyara fuska. Ya ce ya ƙare tuni, kayansa suna Agadas suna jiran ayari, ayari kuma sai ranar da soja suka ga dama.

Sauran kwalaben biyu suna nan, na ci gaba da ɗigawa, amma ba sa maye gurbinsa. Tsofaffin ganyen mai faɗin suka soma rawaya daga gefe, jijiyoyin suna nan kore kamar bayan hannun tsohuwa. Doguwar ta daina ƙara tsawo. Kullum da safe kafin in kawo shi falo sai in sa almakashi in yanke ganyen da ya fi muni, don kada ya gani. Gonar tana ta raguwa, har ana hango gilashin baya. A nan ne tsoro ya soma shiga ni, shi ne abu na farko da na ji sosai tun ranar da ya faɗi. Ina ganin in ganyen ya ƙare, shi ma ɗan zaren da ya rage tsakanina da shi ya tsinke.

Yaya tana lura da ni. Wata rana ina yankan ganye ta tsaya a bayana ta ce, “Mi ka damun ta?”

Na ce gishirinta ne ya ƙare.

“To ai ga kanwa. Bisa in ta rame, gashinta ya yi ja, kanwa muka ba ta, kwana kaɗan ta murje. Tawa ma mai kyau ta, ba ta kasuwa ba.”

Na ce a'a Yaya, ba irinsa ba ne. Iyakar abin da na ce ke nan. Ban yi mata bayani ba, don ni kaina ban san bayanin ba, kuma a lokacin magana mai tsawo wahala take ba ni. Ta koma madafa.

Ranar da ayari ya shigo, gari ya ɗauka tun da hantsi. Na zaunar da maigida a kujerarsa, na bar shi da Yaya, na tafi farmasi. Na tarar da layi har waje, masu ciwon suga da masu hawan jini da mata da jarirai, kowa ya daɗe yana jiran nasa. Kunya ta ɗan kama ni, ni da na zo sayen maganin ciyawa, amma ban fita daga layin ba. Rana ta take sosai kafin ɗan Katsina ya miƙo mini ƙunshi biyu, ya ce a gaida mara lafiya, a ce mata ta sha da ruwa mai yawa. Na ƙulle a bakin zane na kamo hanya da sauri.

Tun daga ƙofar falo na ga ruwan ya yi fari kamar an dama farau-farau. Kifayen suna sama suna buɗe baki, wasu sun riga sun juya ciki. Yaya tana tsaye da ƙwarya a hannu, da sauran jiƙon kanwa a gindinta.

Ta ce, “Na ga kin daɗe, nac ce ƙila ba ki samu ba. Kaɗan nis sa, Amarya. Wallahi bai kai wanda nika ba akuya guda ba.”

Na ajiye ƙunshin a kan tebur, na kama maigida na mai da shi ɗaki ba tare da na dubi fuskarsa ba, na jawo ƙofa. Na dawo na soma kwashe ruwan da bokiti. Tataccen ruwan da ke jarka bai kai rabin akwatin ba, na cika da na famfo. Na sake kwashewa, na sake cikawa. Yaya tana ɗauke mini bokiti tana kuka tana cewa ta kashe wa Auta dukiya, ta shiga uku, da ta sani da hannunta ya karye. Na so in yi fushi da ita, na nemi fushin ban same shi ba. Matar nan abin da take yi wa dabbar da take so shi ta yi. Kafin la'asar kifayen sun ƙare, har da Ɗan Iska. Ita ta kwashe su a ludayi ta haƙa rami a bayan gida ta rufe.

Na sa rai ciyawar za ta tsira. Na narka sabon gishirin na zuba yadda aka saba, na ɗiga kwalaben biyu. Amma ganyen da ya riga ya raunana bai jure ba. Doguwar ce ta fara narkewa, ta zama kamar dafaffen yakuwa, in ka taɓa sai ta rabu a hannunka. Mai faɗin ta bi baya. Ƴar mitsitsiyar ta yi baƙi a jikin itacen. Cikin ƴan kwanaki falo ya ɗauki warin kududdufi. Dattijon Buzu ya zo ya tsuguna ya tono saiwar da yatsa ya sansana, ya ce, “Wannan ya mutu, Hajiya.” Shi da wani maƙwabci suka kwashe yashin, suka ɗauki akwatin suka kai tsakar gida suka kife.

Duk kwanakin nan ban fito da maigida falo ba. A ɗaki Yaya take ba shi abinci, ni ina shiga in yi masa wanka da sauran hidima in fito, ina kauce wa idonsa. Ina ta shirya abin da zan faɗa masa. Na yi tunanin in ce an kai gyara, na ga mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya a kan abu babba ba bai cancanci haka ba. Na kuma shirya wa abin da zai biyo baya. Ina jin zai yi gurnani, ko ya ture kofi da hannunsa mai rai, ko ya rufe baki ya ƙi abinci. Gaskiyar magana, ina tsoron haka kuma ina ɗokinsa. Ko da fushi ne, in dai daga gare shi ya fito, ina so.

Wata safiya na yi masa wanka na sa masa farar riga, na kai shi falo na zaunar da shi a kujerarsa. Teburin yana nan wayam, bangon bayansa ya fi sauran bangon haske inda akwatin ya tsare shi shekaru. Na durƙusa gabansa na riƙe gwiwarsa na ce, “Malam, gonarka ta mutu. Kifin ma sun mutu. Ban iya riƙe maka ita ba.”

Idanunsa suka yi yawo kaɗan, suka wuce ni, suka sauka kan bangon suka tsaya. Na jira. Ƙiftawar idon ita ce dai wadda na sani, numfashin shi ne, gefen bakin da ya saki yana nan yadda yake. Na sake faɗa da ƙarfi. Yana kallon bangon da irin natsuwar da yake kallon ganyen.

Na miƙe na kama kujerar da shi a kai, na juya ta ta fuskanci ƙofa. Kansa ya karkata hagu a hankali, idanun suka sauka kan labule suka tsaya. Na ƙara juya ta wajen taga. Kan ya sake karkata hagu, idanun suka tsaya a kan ƙusar da muke rataye mafici. Duk inda na juya shi, can gefen hagu suke zuwa su huta, a kan duk abin da suka tarar. Akwatin a hagun kujerarsa yake tun ranar da Baturen ya kawo shi.

Ban yi kuka ba. Na dai gane cewa duk watannin nan ni kaɗai ce a falon, ina yi wa kaina hira. Na mai da kujerar mazauninta, na ɗauko kunu na gwada zafinsa a bayan hannuna. Na kai cokali bakinsa, ya buɗe ya karɓa. Ya sha har ƙarshe, na goge masa haɓa.

Yaya tana tsaye a bakin madafa tun ɗazu, ta ga juye-juyen kujerar duka. Ta ce a hankali, “Ya yi hushi da ni?”

Na ce, “A'a, Yaya. Bai yi fushi da kowa ba. Ki ɗaure kayanki mu kai shi gida, ni zan je in tambayo ranar da ayari zai tashi.”